Wardi a tsakar gida: mu kori ƙwari ba tare da mun shigo da guba ba

  

A wanga karo filinmu na garka zai tsaya kan furen wardi, wanda masu sayar da shuke-shuke a bakin titi suke kira "roz". Tambayar ta zo mana daga ƙungiyoyi fiye da ɗaya, daga Talaje, daga Bukoki, har daga Harobanda, kuma duk kusan magana guda ce: "Wardina ya fara toho, ƙwari sun rufe shi, mi zan fesa?" Wasu daga cikin masu tambayar don ado suka dasa, gindi biyu ko uku a bakin ƙofar ɗaki. Wasu kuwa rance suka ɗauka a asusu, suka sayi tukwane da leda da taki, suna dasa rassa suna rainonsu don su sayar, kamar yadda muke ganin maza suna yi a bakin kogi wajen Yantala da Gamkalle da kwarin Guntu Yena. Ita wagga ta biyun ba ta da lokacin jira. Wardin da ganyensa ya murɗe ba mai saye, ranar biyan rance kuwa ba ta matsawa. Shi ya sa in ta shiga kasuwa aka miƙo mata ƴar kwalba aka ce "wannan nan take yake kashewa", hannunta yake saurin zuwa lalita.

To, kafin a kwance lalitar, mu zauna mu yi lissafi irin wanda muka saba yi a kan tabarma.

"Ai ba ci ake ba"

Wannan ita ce maganar da muka fi ji. Mace ta san ba a fesa wa salati ko yakuwa guba yau a tsinka gobe, amma in aka zo kan fure sai ta ce ai ba miya za a yi da shi ba. Mu duba inda wardin yake tsaye. Garkar kabeji tana can bakin kogi, nesa da gida. Wardi yana tsakar gida, taku biyar daga murhu, kusa da randa, kusa da igiyar shanya. Nan yaro mai rarrafe yake wasa da ƙasa ya kai baki. Nan kaji suke tono. Baƙuwa in ta shigo, abu na farko da take yi shi ne ta sunkuya ta sa hanci a cikin furen. Akwai kuma masu shanya furen su zuba a shayi, ko a haɗin turaren wuta da humra. Alhazai sun san ruwan wardin Ɗa'ifa da ake kawowa tsaraba, wanda har a wankin Ka'aba ake haɗa shi da ruwan Zamzam. Fure ne da ake taɓawa, ake shaƙa, wani lokaci har a sha.

Ƴar kwalbar da aka fi miƙo mana ita ce piya-piya. Sinadarin da ke cikinta sunansa dichlorvos, wasu kwalabe suna rubuta DDVP. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a sahun magunguna masu haɗari ƙwarai. Tarayyar Turai ta hana fesa shi a gonaki tun 2007. A 2019 hukumar NAFDAC ta Najeriya ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna saboda yawan rayukan da suka salwanta. Yana shiga jiki ta fata, ta hanci, ta baki, kuma yana tashi cikin iska da sauri, balle a zafi irin na Yamai.  In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Ko ta fuskar riba ma, gubar ba ta biya. Tana kashe ƙwarin da suke cin shuka, tana kuma kashe waɗanda suke cin ƙwarin. Su masu ɓarnar sun fi saurin haihuwa, sai su dawo su tarar ba mai tsare musu hanya. Bayan mako biyu ko uku abin ya fi na da, sai a koma kasuwa a ƙara sayen kwalba. Kuɗɗin da ya kamata ya shiga zubi ya tafi wurin mai tebur.

Mu fara sanin wa ke cin shukar

Likita ba ya ba da magani sai ya duba marar lafiya. Mu ma sau ɗaya ko biyu a mako, da sassafe, mu juya ganye mu dubi bayansa, mu dubi sabon toho, mu buɗe fure. Ranar taron asusu ta dace da wannan dubawa, tunda ba a mance ta. Ga waɗanda za mu fi gamuwa da su a nan Yamai, kowanne da lokacinsa.

Darɓa. Ita ce ta wanga lokaci na ɗari, daga Disamba zuwa Fabrairu, daidai sa'ad da wardi ya fi jin daɗi yake fidda toho. Ƙananan ƙwari ne masu taushi, kore ko baƙi-baƙi, suna cunkushewa a kan sabon toho da ƙullin fure suna tsotse ruwan shukar. Ganye ya murɗe, ya yi danƙo kamar an zuba masa ruwan sukari, daga baya baƙin ƙura ya kama danƙon. In muka ga tururuwa ko kiyashi suna hawa da sauka a jikin wardi, to darɓa tana sama. Zaƙin suke sha, suna kuma yi mata gadi.

Jan gizo-gizo. Shi ne babban abokin gaba a bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi yake wuce digiri 40, iska ta bushe, ƙura ta kwanta a ganye. Ƙanƙane ne ƙwarai, da ƙyar ido yake ganinsa. Alamarsa ɗigo-ɗigo rawaya a saman ganye kamar an tsattsaga da allura, sai ganyen ya koma kalar ƙasa ya zube, a bayansa kuma akwai siririyar yana. Masu noman tumatir da yalo a bakin kogi sun san shi sarai. Dangin gizo-gizo ne, don haka yawancin magungunan ƙwarin da ake sayarwa a tebur ba sa yi masa komi, sai ma su ƙara masa yawa.

Ƙwarin cikin fure. Sirara ne kamar tsinken gashi, irin waɗanda suke damun masu albasa. Suna shiga tun furen yana ƙulle, sai ya buɗe da bakinsa a ƙone, ko ya ƙi buɗewa sam. A kakkaɓe furen a kan farar takarda, za a gan su suna gudu.

Farin ƙuda da ƙwaron auduga. Na farkon yana tashi kamar toka in an girgiza reshe. Na biyun yana manne a gaɓar reshe, fari kamar guntun kaɗa.

Sai gara da take cin saiwa da gindi, da fara da babe, da manyan ƙwari masu tauri da suke zama a tsakiyar fure suna ci, galibi a damana da kaka. Akwai kuma cututtuka biyu da ba ƙwari ba ne: farin gari da yake kwanciya a sabon ganye lokacin sanyi, da baƙin tabo mai rawaya a gefe da yake zuwa da ruwan damana.

A cikin dubawar nan za mu haɗu da waɗanda suke yi mana aiki kyauta. Akwai ɗan ƙwaro mai kumburin baya, ja ko ruwan goro da ɗigo baƙi, shi da ƴaƴansa darɓa ce abincinsu, guda ɗaya yana cin gommai a yini. Akwai ƙoƙi-ƙoƙi, da gizo-gizo na gaske, da ƙadangare, da kwaɗo. Mu koya wa yara su bar su. A Kenya, inda ake noman wardi a gefen tafkin Naivasha ana kai wa Turai a jirgin sama, manyan gonaki da kuɗɗinsu suke sayen ƙananan halittu masu cin jan gizo-gizo su saki a cikin shukar. Mu Allah ya ba mu namu a tsakar gida, sai mu bi su da guba?

Hannu da ruwa

Magani na farko ba a sayensa. Darɓa in ba ta yi yawa ba, a murje ta da yatsa, ko a yanke tohon da ta fi cika a jefa a wuta. Furen da ƙwari suka ɓata a cire shi a ƙulle a leda, kada a yar a gindin shukar. Manyan ƙwari da fara, da sassafe jikinsu a mace yake, a tsince su a jefa a kwano mai ruwan sabulu. Ƙwaron auduga a goge shi da tsumma mai ruwan sabulu.

Sai ruwa. A samu gorar roba, a huda murfinta da ƙusa mai zafi wuri uku ko huɗu, a cika ta, a matsa da ƙarfi ta ƙasan ganye. Darɓar da ta faɗo ƙasa yawanci ba ta iya komawa. Jan gizo-gizo kuwa ba abin da ya ƙi kamar laima, wanke bayan ganye kowane kwana biyu ko uku a bazara yana karya ƙarfinsa fiye da kwalabe da yawa. A yi da safe don ganyen ya bushe kafin dare. Mun san ruwa kuɗɗi ne a unguwannin da ake saye wurin ƴan garuwa, amma lita ɗaya tana wanke gindi biyu ko uku, kuma abin da ya zuba a tukunyar yake komawa.

Ga farin ƙuda, a yanko gefen tsohon bido rawaya irin na man girki, a shafa masa mai mai kauri, a rataye shi daidai tsayin shukar. Launin yana jan su, su manne. Ƙananan dashen da ke cikin leda kuma a rufe su da tsohon sangen da ya yage, yana tsare fara da kaji. Akuya dai sai ƙofa.

Ruwan sabulu

In hannu da ruwa ba su isa ba, sai sabulu. A kankare sabulun salo ko farin sabulun wanki na dunƙule, cokalin cin abinci ɗaya a lita ɗaya ta ruwa, a narkar da shi sosai. Sabulu yana lalata fatar ƙwaro mai taushi ya bushe, amma sai ya taɓa jikinsa, don haka a jiƙa bayan ganye da cikin toho. In ya bushe aikinsa ya ƙare, ba ya barin guba. Kada a sa garin omo, ko ruwan wanke-wanke mai turare, ko ruwan jabel, suna ƙona ganye. Kada kuma a ce bari a ninka sabulun don ya fi ƙarfi. A gwada a reshe ɗaya tukuna, a jira kwana biyu, in bai ƙone ba a yi wa sauran. Da maraice ake fesawa, bayan la'asar sakaliya, washegari da safe a ɗauraye da ruwa.

Bedi, wanda muke zaune a inuwarsa

Babban maganinmu yana zube a ƙasa muna sharewa kullum. Bedi, ko dogon yaro, asalinsa daga Indiya da maƙwabtanta yake, can sun daɗe suna sa ganyensa cikin hatsi da tufafi. A 1959 wani masanin ƙwari Bajamushe, Heinrich Schmutterer, yana aiki a Sudan lokacin da fara ta sauka ta cinye duk wani kore, sai ya lura bedi kaɗai ta bari. A 1968 masana a Ingila suka fitar da sinadarin da ke yin wannan aiki, suka sa masa suna azadirachtin. Yau a Turai da Amurka a kwalba ake sayar da shi da tsada. Mu kuwa tun 1965 aka fara dasa dajin da ya kewaye Yamai, wanda ake kira Ceinture verte, kuma yawancinsa bedi ne, ban da na tituna da makarantu da ƙofar gidajenmu.

Ƙarfin yana cikin ƙwallon ƴaƴan, ganye yana biye. Ga yadda ake yi.

In ƴaƴan sun nuna sun yi rawaya sun zubo, a tsince. Waɗanda jemagu da tsuntsaye suka tsotse suka yar sun ma fi sauƙi. A cire naman, a wanke, a shanya a inuwa kwanaki har su bushe ƙayau. Wanda ya yi funfuna ko ya yi baƙi a zubar. A adana a buhun algarara ko kwando inda iska take shiga, ban da leda. In ya shekara ƙarfinsa ya ragu, sai a nemi sabo.

Ranar da za a yi aiki, a daka rabin kilo, wato giram 500, ya yi laushi. A jiƙa a lita 10 na ruwa, a rufe, a ajiye a inuwa ya kwana. Mai gindi biyu ko uku ba ta buƙatar wannan duka, giram 50 a lita ɗaya ya ishe ta. Da yake ba kowa ke da sikeli ba, a kai garin wurin mai kanti sau ɗaya ya auna, a zuba a gwangwani, a yi wa gwangwanin alama, shi ke nan an samu ma'auni. Washegari da maraice a tace da ƙyalle mai laushi sau biyu, a zuba ɗan narkakken sabulu don ya kama ganye, a fesa sama da ƙasa har ya fara ɗiga. Wadda ba ta da abin feshi ta yi da gorar roba, ko ta tsoma tsintsiya mai laushi ta yarfa. A yi amfani da shi a ranar, rana tana kashe ƙarfinsa, shi ya sa ba a fesawa da tsakar rana, ba a kuma ajiye ragowa. A maimaita bayan kwana 5 zuwa 7, sau uku a jere. In ruwan sama ya wanke, a sake.

In ba ƴaƴan, a kirɓa ɗanyen ganye kilo ɗaya a jiƙa a lita 5 ya kwana. Bai kai ƙwallon ƙarfi ba, amma yana taimakawa. Mai man bedi kuma ta sa ƙaramin cokalin shayi ɗaya a lita, ta kaɗa shi da sabulu har ya haɗe da ruwan. A kwanakin tsananin zafi a bar man, yana iya ƙona ganye.

Abin da yake sa wasu su ce bedi ba ya aiki shi ne suna jiran su ga gawa nan take. Aikinsa daban ne. Ƙwaron da ya ɗanɗana shi yana daina ci, ya kasa saɓa, ya kasa girma, ƙwansa ya ragu. Sai bayan kwana uku zuwa biyar ake ganin bambanci, kuma a sabon toho ake gani, ganyen da ya riga ya murɗe ba ya miƙewa. Sannu ba ta hana zuwa. Tunda sai ƙwaro ya ci ganyen abin yake kama shi sosai, masu cin ƙwari da ƙudan zuma ba su cika cutuwa ba, musamman in da maraice aka fesa kuma aka kauce wa furen da ya buɗe.

Duk da haka bedi magani ne, a riƙe shi kamar magani. Man bedi yana yi wa jarirai da ƙananan yara mummunan lahani in sun sha, a ɗaga shi sama, a rubuta suna a jikin kwalbar. A ware masa turmi ko dutsen niƙa nasa, in ba haka ba furar gidan za ta yi mako tana ɗaci, maigida yana tambaya. Tukar da ta rage bayan tacewa kada a zubar, a tona gefen gindin wardi a binne, taki ce, tana kuma rage gara da tsutsar saiwa.

Barkono da tafarnuwa da ake dakawa a jiƙa su ma suna korar wasu ƙwari, sai dai a kiyaye ido, a kuma dubi inda iska take kaɗawa. Amma ruwan taba, wanda wasu suke ba da shawara wai ai na gargajiya ne, mu bar shi. Nikotin da ke cikin taba guba ce mai ƙarfi, tana ratsa fata, ɗan kaɗan yana iya kayar da yaro. Haka ruwan kariya, wadda masu sayarwa suke kira "roz ta hamada". Ita ba wardi ba ce, kuma ruwanta dafi ne, a nisanta ta da wurin wasan yara.

Shuka mai ƙoshi ba ta cika kamuwa ba

Rigakafi ya fi magani, a nan ma haka ne. Wardi yana son ranar safe, da inuwa daga azahar in bazara ta shigo. A ba shi ruwa a gindi, ya ƙoshi, maimakon yayyafi kullum a kan ganye da dare, wanda shi ke kawo baƙin tabo. Ganyen da ya zube a share a ƙona. A rage rassan tsakiya don iska ta ratsa, a bar tazara tsakanin tukwane. Taki ya zama ruɓaɓɓe sosai, ɗanyen kashin dabba da karan da bai ruɓe ba su ke kiran gara. A ɗora tukwane a kan bulo, a zuba toka kewaye. Farin takin zamani da ake kira ure in ya yi yawa yana fidda toho mai taushi, abin da darɓa take so ke nan, don haka a taƙaita. In farin garin nan na sanyi ya bayyana, a cire ganyen da ya fi kamuwa, a narkar da ƙaramin cokali ɗaya na bikarbonat a lita ɗaya da ɗan sabulu, a fesa mako-mako. Sabon dashen da aka sayo kuma a ajiye shi gefe guda mako biyu ana dubawa kafin a haɗa shi da na gida, sau da yawa da shi ƙwarin suke shigowa.

In ya zama dole a saya

Wata rana abin yana iya fin ƙarfin waɗannan, musamman ga mai dashe ɗari ko fiye. To kada a tambayi mai tebur, shi ciniki yake nema. A tsinki ganyen a kai wa malaman gona na ma'aikatar kare tsirrai, ko a nemi shawarar RECA, cibiyar majalisun manoma ta ƙasa, wadda take ba da bayani da Hausa da Zabarmanci har ta WhatsApp. Maganin da aka yarda da shi a ƙasarmu sai ya bi ta hannun kwamitin CSP na ƙasashen CILSS, mai ofishi a Bamako, kuma ana ganin lambarsa a jikin takardar kwalbar tare da kalmar SAHEL. A dubi zanen launi a ƙasan takardar: ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore mafi sauƙi. Ja da rawaya ba na tsakar gida ba ne. Abin da aka ɗura a kwalbar lemo ko aka ƙulla a leda ba suna, ko kyauta aka ba mu kada mu karɓa. Mai ciki da mai goyo ba sa feshi, yara ba sa riƙe kwalba. A rufe hanci da hannu da ƙafa, a kawar da randa da kwanoni, a yi wanka bayan an gama. Kwalbar da ta ƙare a huda ta, kada ta koma ta mai ko ta ruwa.

In kuwa tsautsayi ya faɗa, aka ga mutum yana zubar da miyau, yana gumi, yana amai, ƙwayar idonsa ta tsuke, numfashi yana yi masa wuya, a fitar da shi iska, a tuɓe tufafin, a wanke jikin da ruwa da sabulu, a garzaya gidan likita da kwalbar a hannu. Kada a ɗura masa nono ko manja, kada a sa shi amai. Lambar ƴan kwana-kwana 18 ce.

Abin da ƙungiya za ta iya yi

Tun da aka fara tsarin Mata Masu Dubara a Maraɗi a 1991, abin da ya riƙe shi shi ne kowace ta kawo kaɗan a haɗa ya zama da yawa. Aikin bedi ma haka yake so. Mace ɗaya ba za ta tsinci abin da zai kai ta shekara ba ga girki ga talla, amma mata 25 in kowace ta kawo gwangwani ɗaya ranar taro lokacin da ƴaƴan suke zuba, buhu zai cika. Ba a fafe gora ranar tafiya, darɓa ba za ta jira mu shanya ƙwallo ba. Muna ba da shawara huɗu a tattauna a taro mai zuwa.

Na ɗaya, a zaɓi mace biyu masu kula da tara ƴaƴan bedi da shanya su, a kuma san ɗakin da za a ajiye.

Na biyu, in asusu ya yarda, a sayi ƙaramin abin feshi guda na ƙungiya, a rubuta a jikinsa cewa na bedi da sabulu ne kaɗai. Wanda aka taɓa zuba wa guba, balle maganin ciyawa, ba ya shiga wannan aiki.

Na uku, magatakarda ta buɗe shafi a bayan littafi: ranar da aka ga ƙwaro, wane iri, abin da aka fesa, abin da aka gani bayan mako. Waɗanda suka yi yaƙi da jahilci ga wurin gwada alƙalami. In shekara ta zagayo littafin ne zai faɗa mana watan da za mu shirya.

Na huɗu, abin da ya yi saura a daka a ƙulla awo-awo a sayar wa maƙwabta da masu garka, kuɗɗin ya shiga asusu. Masu sayar da dashe kuma su riƙa faɗa wa mai saye da bakinsu: "Hajiya, wannan ba a taɓa fesa masa guba ba, jikokinki su shaƙa yadda suke so." Uwa ta san darajar wannan magana.

Wadda ta gwada ta aiko mana da abin da ta gani ta hannun shugabar ƙungiyarta, ko ya yi ko bai yi ba, duka muna so mu ji, mu karanta wa sauran. A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu yi magana kan yadda ake yankan reshen wardi a dasa shi ya kama, da yadda za a tsallakar da ƙananan dashe zafin Afrilu. A gaida mutanen gida. Allah ya sa albarka a zubi, ya tsare mana zuri'a.